Ba Kullum Ne Fari Ke Nufin Alheri Ba: Ma'anar Launuka a Adabin Turanci

Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce wane yana da farar zuciya, kowa ya san yabo ne. Ana nufin mutum marar ƙeta, wanda ba ya riƙe kowa a rai. To, ɗalibin da ya ɗauki wannan ma'ana ya shiga da ita cikin wasan kwaikwayon Macbeth, wanda William Shakespeare ya rubuta wajen shekarar 1606, zai yi ɓatan kai tun a kashi na 2. A can, bayan Macbeth ya kashe Sarki Duncan, tsoro ya kama shi har ya kasa komawa ɗakin da gawar take. Matarsa ce ta koma ta shafa wa masu gadi jini, ta dawo hannunta jina-jina, sa'an nan ta yi masa gori da cewa zuciyarsa fara ce. Ba yabonsa take yi ba. Matsoraci take kiransa, ragon namiji.

Irin wannan tuntuɓe yana cin makin ɗalibai a jarrabawar adabin Turanci, ya kuma hana su jin daɗin abin da suke karantawa. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa sunan launi a adabin Turanci ba shi da ma'ana guda ɗaya tak da za a haddace. Ma'anarsa tana da asali, kuma wurin da marubuci ya ajiye shi ne yake yanke hukunci.

Mu fara daga gida

Harshen Hausa ma gwani ne wajen adon magana da launi, sai dai yawancin adonmu ya tsaya ne a kan launuka 3, wato fari da baƙi da ja. Muna da farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, baƙar magana da baƙar wahala, jan aiki da jan hali. Ko a nan gida ma fari ba kullum ne alheri ba, gama idan aka ce mace tana da farar ƙafa, camfi ne na rashin sa'a aka jingina mata. Farin shiga kuwa sabon hannu ne, farar hula kuma wanda ba soja ba.

Turanci yana da manyan sunayen launi guda 11, kamar yadda masana biyu, Brent Berlin da Paul Kay, suka lissafa a littafinsu na shekarar 1969. Kusan kowanne daga cikinsu yana ɗauke da kayan ma'ana. Kore da shuɗi da rawaya da shunayya, waɗanda ba safai muke adon magana da su ba, suna aiki sosai a Turanci. Yawancin ma'anonin nan sun fito ne daga tushe uku: jikin mutum, Littafi Mai Tsarki, da kuma sana'a da mulki. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Tushe na farko: jikin mutum da tsohon likitanci

Abu na farko da ya kamata mu tuna shi ne, mutanen da suka gina harshen Turanci fatarsu tana nuna canjin jini a fili. In sun tsorata jini ya janye daga fuska, sai su yi fari fat. In sun ji kunya ko haushi, sai fuska ta yi ja. In sanyi ya buge su, leɓɓa su yi shuɗi-shuɗi. In tashin zuciya ya kama su, a ce sun yi kore. Mu kuwa a ido muke karanta irin wannan, shi ya sa muke cewa idanunsa sun kaɗa sun yi jawur. Saboda haka idan marubuci ya ce wani "turned white", tsoro ko firgita yake nufi, ba tsarki ba.

Abu na biyu shi ne tsohon ilmin likitanci na Girkawa, wanda ake dangantawa da Hippocrates, wajen shekara 400 kafin haihuwar Almasihu, wanda kuma Galen, likitan da aka haifa a shekara ta 129, ya faɗaɗa. A wannan ilmi an ɗauka cewa ruwa iri 4 ne ke mulkin jiki da hali: jini, majina, rawayan ruwan matsarmama, da baƙin ruwa wanda aka ce daga saifa yake fitowa. Wanda jini ya rinjaya a jikinsa mai fara'a ne da ƙarfin zuciya. Mai yawan majina sanyin jiki gare shi. Mai rawayan ruwa saurin fushi gare shi. Mai baƙin ruwa kuwa kullum cikin zullumi yake. Kalmar "melancholy", wadda za ku yi ta cin karo da ita a waƙoƙi, daga Girkanci take, ma'anarta ta asali baƙin ruwan matsarmama. A shekarar 1621 Robert Burton ya buga katafaren littafi a kan wannan hali kaɗai, mai suna The Anatomy of Melancholy.

Likitoci sun daɗe da watsar da wannan ra'ayi, amma kalmomin sun zauna. Da shi ne za mu fahimci gorin matar Macbeth: zuciyar da babu jini cikinta ita ce fara, marar jini kuwa marar kuzari ne. Haka kuma an ɗauka hanta ce mazaunin jarumtaka. Shi ya sa a kashi na 5 na wannan wasa Macbeth da kansa ya zagi wani bawa da ya zo masa da labarin rundunar abokan gaba, ya kwatanta hantarsa da farin fure.

Ana danganta kishi da kore ta wannan hanya ma, wato yawan ruwan matsarmama yana sa fata ta yi kore-kore. A wasan Othello, kashi na 3, Iago ya siffanta kishi da dodo mai korayen idanu, kuma har yau Turawa suna cewa mutum ya yi "green with envy". Amma a lura, a tsohon Turanci rawaya ma launin kishi ne. A labarin jarumi na cikin The Canterbury Tales, Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a shekarar 1400, ya sa wa Kishi rawanin furanni rawaya. Ma'anar tsoro da ragwanci da "yellow" yake da ita yanzu ta zo ne daga baya, ta yaɗu daga Amurka a ƙarni na 19. Ke nan ɗalibin da ya fassara rawayan Chaucer da tsoro ya tsallake kusan shekara 500.

Kore yana da wata ma'ana da ba ta da alaƙa da kishi, wato ƙuruciya da rashin gogewa. Wannan ba baƙo ba ne a wurinmu, domin mu ma muna cewa ɗanyen kai, ko yaro ɗanye shar. A wasan Antony and Cleopatra, sarauniyar Masar ta kwatanta zamanin ƙuruciyarta da ɗanyen ganye, lokacin da hankalinta bai nuna ba. Kalmar "greenhorn" ita ce farin shiga namu. Ku duba abin mamaki: inda Bature ya ga kore, Bahaushe fari ya gani.

Tushe na biyu: Littafi Mai Tsarki da kalandar coci

Fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James, wadda ta fito a shekarar 1611, ta shiga jinin marubutan Turanci har ɗaruruwan shekaru, masu bi da marasa bi. A littafin Ishaya, sura 1, an kwatanta zunubi da jan launi mai tsanani, gafara kuma da farin dusar ƙanƙara. A Wahayin Yahaya, sura 17, an nuna wata mace mai lalata sanye da shunayya da ja. Wanda ya san waɗannan wurare biyu zai gane sunan littafin Nathaniel Hawthorne na shekarar 1850, The Scarlet Letter. Labari ne na Hester Prynne, wadda mahukuntan garin Boston na ƙarni na 17 suka tilasta wa sa jan harafin A a ƙirjinta saboda ta haihu ba da mijinta ba. Da farko jan harafin alamar kunya ce. Amma da shekaru suka tura, tana jinyar marasa lafiya tana taimakon matalauta, sai mutanen garin suka fara karanta harafin a matsayin alamar iyawa. Launi bai canja ba, ma'ana ce ta canja, a cikin littafi guda.

A Matiyu, sura 23, an kwatanta munafukai da kaburburan da aka shafa wa farar ƙasa, waje kyakkyawa, ciki kuwa ƙasusuwa. A nan fari yana ɗauke da ma'anar rufa-rufa, kamar yadda yake a kalmar "whitewash".

Ja kuma ba kullum ne zunubi ba. A tsofaffin kalandun coci, da jan tawada ake rubuta ranakun idi da na tunawa da tsarkaka. Shi ya sa "red-letter day" take nufin ranar murna wadda ba a mantawa da ita, ba ranar haɗari ba.

Tushe na uku: rini, sarauta da ofis

A zamanin da, launi kuɗi ne. Shunayya mafi daraja ana samunta ne daga wani dodon koɗi na teku a wajen birnin Taya, a ƙasar Lebanon ta yau, kuma sai an tara dubbai kafin a sami ɗan rini kaɗan. Saboda tsadarta ta zama tufar sarakunan Roma. Don haka "born in the purple" yana nufin haifaffen gidan sarauta. Sai a shekarar 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro, ya gano rini mai irin wannan launi daga kwaltar gawayin kwal, talaka ma ya samu ya sa. Amma a wajen masu nazarin adabi "purple passage" ba yabo ba ne. Mawaƙin Roma Horace ne ya kwatanta rubutu mai yawan ƙawa da ƙyallen shunayya da aka ɗinka a jikin riga don a burge mutane. In malami ya rubuta muku haka a gefen takarda, cewa yake yi ado ya fi magana yawa.

Shuɗi ya fi kowane launi ruɗarwa. Garin Coventry na Ingila ya yi suna da rinin shuɗi wanda ba ya zuba, kamar yadda karofin Ƙofar Mata a Kano ya yi suna da baba. Daga nan ake bayyana "true blue", wato amintacce wanda ba ya canja fuska. "Blue blood" kuwa daga Sifen ya zo, inda manyan gidaje suke alfahari da cewa jijiyoyinsu suna nuna shuɗi a ƙarƙashin farar fata, ma'anarsa jinin sarauta. Ga kuma shuɗin ɓacin rai. Tsofaffin Turawa suna kiran damuwa da sunan shuɗɗan aljanu, "blue devils", daga baya aka taƙaita zuwa "the blues", sunan da kiɗan baƙaƙen fata na kudancin Amurka ya ɗauka. Launi ɗaya, ma'ana uku: aminci, sarauta, damuwa.

A ofisoshin Ingila da jan ƙyalle ake ɗaure takardun shari'a da na gwamnati, shi ya sa "red tape" ya zama sunan jan ƙafa da je-ka-ka-dawo na ma'aikata. Akawu kuma da jan tawada yake rubuta hasara, da baƙi kuma riba. Don haka ɗan kasuwar da yake "in the black" yana cikin farin ciki, wanda yake "in the red" shi ne ke cikin baƙin ciki. "Red-handed" daga dokokin ƙasar Sikotland ya fito, wato an kama mutum jini bai bushe a hannunsa ba, abin da mu za mu ce an kama shi dumu-dumu.

Al'adar tufafi ma ta ba da nata. Sarauniya Victoria ta yi aure cikin farar riga a shekarar 1840, abin ya zama yayi. Da mijinta ya rasu a 1861 ta sa baƙi har ƙarshen ranta a 1901. Farin gashin tsuntsu kuwa alamar ragwanci ce. A littafin The Four Feathers na A. E. W. Mason, na shekarar 1902, wani hafsa ya ajiye aikin soja ana gab da tafiya yaƙi, sai abokansa uku da budurwarsa suka ba shi farin gashi ɗaya ɗaya.

Yadda manyan marubuta suke juya launi

Duk abin da muka faɗa a sama gado ne da marubuci ya tarar. Gwanin marubuci yakan karɓi gadon, wani lokaci kuma ya kife shi. A nan ne ainihin aikin ɗalibin adabi yake.

A Great Expectations na Charles Dickens, wanda ya fito a 1861, Miss Havisham tana zaune cikin farar rigar amarci shekara da shekaru, tun ranar da ango ya yaudare ta. Ta tsai da agogunan gidan a ƙarfe 9 saura minti 20. Sa'ad da yaro Pip ya fara ganinta, ya lura cewa farin ya koɗe ya koma rawaya. Rigar murna ta zama kamar likkafani, rawaya kuma ya zama launin ruɓewa.

Herman Melville, a littafinsa Moby-Dick na shekarar 1851, ya ware babi guda, na 42, don yin bayani a kan farin launin ƙaton kifin tekun da ake farauta. Mai ba da labarin ya jera wuraren da fari yake nufin daraja da tsarki, sa'an nan ya nuna cewa wannan farin ne ya fi komai ba shi tsoro, domin yana tuna masa da gawa, da fatalwa, da sararin da babu komai a cikinsa.

A The Great Gatsby na F. Scott Fitzgerald, na shekarar 1925, Gatsby yakan tsaya da dare yana kallon wata koriyar fitila a ƙetaren ruwa, a gaɓar gidan Daisy, matar da yake so. Ɗalibin da ya haddace cewa kore kishi ne zai rubuta kishi, ya kuma faɗi. Fitilar buri ce, abin da ake hange ba a cim masa. A ƙarshen littafin an haɗa ta da koren tudun sabuwar duniya da matuƙan jirgin ruwa 'yan Holan suka fara hangowa. Wasu manazarta kuma sukan tuna cewa takardar dalar Amurka koriya ce.

Baƙi da fari: inda maganar ta shafe mu

Akwai wuri guda da wannan darasi ya wuce batun maki. A Turanci, kamar a Hausa, baƙi ya daɗe yana ɗaukar ma'anar mugunta da makoki, misali "black sheep", wato ɗan da ya ɓata sunan gida. Matsala takan taso ne idan aka ɗauki wannan adon magana aka liƙa wa fatar mutum.

Shakespeare ya yi wasa da wannan a Othello. Jarumin wasan baƙar fata ne, babban hafsan sojan Venice, kuma masu ƙinsa suna jifarsa da launinsa. Amma mai baƙar aniya na gaskiya shi ne Iago, farar fata wanda kowa yake kira amintacce. A Heart of Darkness na Joseph Conrad, wanda ya fara fitowa a 1899, birnin Turai da kamfanin yake an kwatanta shi da kabarin da aka shafa wa farar ƙasa, farin hauren giwa kuma shi ne abin da ake zubar da jini dominsa a Kwango. Duk da haka, a wata lacca da ya gabatar a Jami'ar Massachusetts a shekarar 1975, Chinua Achebe ya soki littafin, yana mai cewa an mai da Afirka da mutanenta duhun da Bature yake auna kansa da shi kurum.

Marubutanmu na Afirka masu rubutu da Turanci sun mayar da martani cikin hikima. A Things Fall Apart, na shekarar 1958, Achebe ya nuna cewa a wurin mutanen Umuofia farar fata suna ne na sakaya da ake kiran kuturta da shi. A waƙar Telephone Conversation ta Wole Soyinka, wanda ya ci kyautar Nobel a 1986, wani ɗan Afirka yana neman hayar ɗaki a Ingila ta wayar tarho, mai gidan ta tambaye shi iyakar baƙinsa. Yana tsaye sai ya ga komai ja a kewaye da shi: rumfar waya, akwatin wasiƙu, da motar safa. Waɗannan abubuwa da gaske jajaye ne a titunan Ingila, amma jera su da aka yi a jere yana sa mai karatu ya ji fushin da mutumin yake haɗiyewa. Wannan shi ne alamtarwa a mafi kyawunta.

Tambayoyi 5 da za ku yi wa kowane launi

Na farko, launin na zahiri ne ko na adon magana? Wani lokaci jan ƙofa jan ƙofa ce kawai. Alamar da za ta nuna muku akwai wani abu a ƙasa ita ce maimaitawa, ko kuma a ambaci launin a inda ba a bukatarsa.

Na biyu, a jikin me aka sa launin? Farar riga daban, farar fuska daban, farar hanta daban.

Na uku, wane ne yake magana, kuma da wace zuciya? Abin da Iago ya ce game da baƙi ba shi ne ra'ayin Shakespeare ba.

Na huɗu, yaushe kuma a ina aka rubuta littafin? Rawayan Chaucer ba shi ne rawayan Amurka ba. Babban ƙamus mai nuna tarihin kalma zai taimaka a nan.

Na biyar, shin launin ya canja ma'ana tsakanin farkon littafi da ƙarshensa, kamar jan harafin Hester? In ya canja, to ku bi sawunsa, gama sau da yawa jigon littafin yana nan.

A wajen amsa tambayar jarrabawa, kada ku tsaya a kan cewa ja yana nufin haɗari. Ku faɗi wurin da launin ya fito, ku faɗi abin da ke faruwa a lokacin, sa'an nan ku nuna yadda ma'anar da kuka zaɓa ta dace da sauran labarin. Mai duba takarda hujja yake nema, ba hadda ba.

Kammalawa

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sanin farin ciki da baƙin jini da jan hali shi ne ya koya mana tun muna yara cewa launi yana iya ɗaukar hali da ji, kuma wannan jari ne babba ga mai koyon adabin kowane harshe. Sai dai in an shiga gidan wani, akan tambayi inda tulu yake, ba a ɗauka yana inda namu yake ba. Ku samu ɗan littafi, duk lokacin da kuka gamu da launi a karatunku ku rubuta shafin da abin da kuke jin yana nufi. Kafin ƙarshen zangon karatu za ku tarar kun haɗa wa kanku ƙamus wanda ya fi na kanti amfani, domin kowace ma'ana da ke cikinsa kun gan ta tana aiki da idonku.